W. O. Bentley, Injiniyan da Ya Ƙi a Sa wa Injinsa Zugazugi

Duk wanda ya taɓa zama a bencin gareji a Dutse, ko ya tsaya ƙofar wokshof bayan an tashi firaktikal, ya san wannan musun. Wani zai ce in kana son mota ta yi wuta, ka ɗora mata abin da zai cusa mata iska da ƙarfin tsiya, sufacaja ko turbo. Wani ya ce a'a, bar injin ya shaƙi iskarsa da kansa, in ƙarfi kake nema ka sayi babban injin. A yi ta yi har a kira sallah ba wanda ya sauka. To, musun nan ya girmi kakanninmu. An gwabza shi a Ingila kusan shekara ɗari da suka wuce, da motoci na gaske da kuɗi masu ciwo, kuma mutumin da ke tsakiyarsa shi ne Walter Owen Bentley, wanda aka fi sani da W. O., mai sunan motar nan da muke gani a bidiyon mawaƙa.

An haife shi ranar 16 ga Satumba, 1888, a unguwar Hampstead ta birnin Landan, shi ne auta cikin 'ya'ya tara. Gidansu akwai rufin asiri, har makarantar kwana ta Clifton College aka kai shi, amma yaron nan ba abin da ke ransa sai jirgin ƙasa. A 1905, yana da shekara 16, ya ajiye makaranta ya tafi Doncaster, babbar ma'aikatar kamfanin reluwe na Great Northern. Mahaifinsa ya biya fam 75 don a koya masa aiki na shekara biyar. Shekara biyar fa, mu da muke ƙorafin SIWES na wata huɗu. Ya bi ta ɗakin zubin ƙarfe, ya bi ta wajen masu fiƙe ƙarfe, ya yi haɗin kan jirgi da hannunsa, a ƙarshe aka mai da shi Landan ya zama mai zuba wa tanderun jirgi kwal da shebur. Akwai ranar da ya je Leeds ya dawo, ya kwashe tan bakwai na kwal.

Wannan zaman na reluwe shi ya gina masa tunani, kuma wanda bai gane shi ba ba zai gane taurin kansa na baya ba. Kan jirgi ana yin sa da kauri da nauyi, yana juyawa a natse, ya yi ta jan kaya shekara da shekaru ba ya gajiya. In ana son ƙarin ƙarfi, sai a ƙara girman tukunyar tururi da silinda, ba a matsa wa ƙaramin ƙarfe ya yi aikin babba. Da wannan idon W. O. ya kalli mota har ya mutu. An ce Ettore Bugatti, wanda nasa motocin ƙanana ne marasa nauyi, yakan yi wa motocin Bentley shaguɓe da cewa manyan motocin ɗaukar kaya ne kawai da suka iya gudu.

Yana cikin koyon aiki ya kamu da tseren babur, har ya shiga gasar tsibirin Man a 1909 da 1910. Da ya gama a 1910 sai ya ga gaba a mota take. Ya yi aiki da wani kamfanin tasi a Landan yana kula da gyaran motoci sama da ɗari biyu, sannan a 1912 shi da yayansa H. M. suka buɗe shagon sayar da motar Faransa mai suna DFP. A ofishin masu ƙera ta ne ya ga wani ɗan fistin na alminiyam a kan tebur, an sa shi ya danne takardu. A lokacin, da baƙin ƙarfe ake yin fistin, kowa na ganin alminiyam zai narke. Shi kuwa ya sa aka gauraya kashi 88 na alminiyam da kashi 12 na jan ƙarfe, ya gwada. Fistin ya yi sauƙi, yana fitar da zafi da wuri, injin ya ƙara juyi, DFP ta fara kafa tarihi a filin tsere na Brooklands. Ku lura da hanyar da ya bi ya ƙara ƙarfi: rage nauyi da sallamar zafi.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, ya shiga sashen jiragen sama na sojan ruwa, ya kai sirrin fistin ɗin ga Rolls-Royce da Sunbeam. Daga nan aka ɗora shi a kan injin Clerget, wanda ke yawan zafi ya lalace bayan 'yan sa'o'i, matuƙa na mutuwa a banza. Ya zana nasa, BR1 mai silinda tara da ƙarfin doki 150, aka sa wa jirgin Sopwith Camel, sai BR2 mai 230. Bayan yaƙi aka ba shi lambar MBE da tukwicin fam 8,000. A 1919, shekarar da annobar mura ta ɗauke matarsa ta fari, Léonie, ya kafa Bentley Motors. Motar farko mai lita uku ta isa hannun mai saye a 1921, da bawul huɗu da fulogi biyu a kowace silinda, da garanti na shekara biyar.

A 1923 aka ƙirƙiro gasar Le Mans a Faransa: a yi ta zagaye na sa'a 24, dare da rana, wanda ya fi cin nisa shi ya ci. W. O. da farko yana ganin hauka ne, ba motar da za ta kai. Sai ga John Duff da Frank Clement sun zo na huɗu da motarsa, a 1924 suka cinye. Ashe gasar kamar don shi aka yi ta. Bentley ta sake ci a 1927 da 1928. Sai dai cin gasa daban, kuɗi daban. Tun 1926 aljihun kamfanin ya huje, Woolf Barnato, magajin dukiyar lu'ulu'un Kimberley ta Afirka ta Kudu, ya zuba kuɗinsa ya zama shugaba. W. O. ya koma ma'aikaci a gidan da ya gina.

Kafin mu shiga rigimar, bari mu ɗan leƙa cikin injin saboda 'yan uwa na sashen akanta da gudanarwa, 'yan kanikanci ku yi haƙuri. Injin fetur ba mai kaɗai yake sha ba. Kowane kilo ɗaya na fetur yana buƙatar kusan kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai. Ƙara mai abu ne mai sauƙi, iskar ce wahala. A injin da ke shaƙa da kansa, fistin zai sauka, nauyin iskar sararin Allah ya tura ta cikin silinda, iyakar abin da zai samu ke nan. In kana son ƙari, ko ka faɗaɗa silinda, ko ka ƙara yawansu, ko ka gyara hanyar iska da bawul, ko ka sa injin ya ƙara juyi. Sufacaja kuwa famfon iska ne da karanshaf ke juyawa, yana danna iska ciki fiye da yadda injin zai iya ja. Zugazugin maƙera ke nan, ba ƙari ba ragi. Hasali ma irin wanda aka fi amfani da shi a zamanin, wasu 'yan uwa biyu ne a Amurka, Philander da Francis Roots, suka yi rajistarsa a 1860 don hura tanderun narka ƙarfe. Turbo ɗan uwansa ne, sai dai shi hayaƙin salansa ke juya shi.

Amma zuga ba kyauta ba ce. Famfon kansa yana cin wani kaso na ƙarfin da ya samar. Iskar da aka matse tana ɗaukar zafi, iska mai zafi kuma tana sa mai ya fashe kafin lokacinsa, wannan ƙarar da bakanike ke ji ya girgiza kai. Matsin da ke kan fistin da kwanrod da gaskit ya ninka, mai da bakin mai suna tafiya kamar ana zuba su a rairayi. Maƙeri ma ya san in ya cika zuga, ƙarfen da yake son ya yi laushi sai ya ƙone.

Mutumin da ya kawo zancen zuga cikin gidan Bentley shi ne Sir Henry Birkin, ana kiransa Tim, ɗan masu kuɗi daga Nottingham, tsohon matuƙin jirgin yaƙi, direban da bai san ɗaga ƙafa daga totur ba. Ya ga Mercedes na Jamus suna sayar da motoci masu sufacaja tun farkon shekarun 1920, ya ga Bugatti da Alfa Romeo sun bi sahu, ya ce in ba a zuga Bentley mai lita huɗu da rabi ba, za a bar su a baya. W. O. ya ƙi ƙememe. A ganinsa, ɗora wa injin abin da ba a zana shi da shi ba lalata zanen ne tun daga tushe. Amsarsa ita ce Speed Six, silinda shida, lita 6.6, mai shaƙa da kanta. Birkin ya zagaye shi ya je wajen Barnato. Hannun da ke bayarwa shi ne a sama, Barnato ya amince. Injiniya Amherst Villiers ya ƙera famfon, wata attajira mai dawakin sukuwa, Dorothy Paget, ta ɗauki nauyi, aka buɗe wokshof a Welwyn Garden City. Dokar Le Mans ta ce sai an ƙera guda 50 na sayarwa, dole ma'aikatar W. O. ta ƙera motar da shi kansa ba ya so.

Abu ɗaya ya tsaya a kai: ba za a taɓa masa zubin injin don a cusa famfon ba. Shi ya sa in ka duba hoton Blower, sunan da aka sa mata, za ka ga wani ƙaton ƙarfe ya turo gaba ƙarƙashin lagireto, a bakin karanshaf, da kafireto a waje. Nauyin da ya taru a gaba kuwa ya sa motar na gardama a kwana.

A takarda, Birkin ne da gaskiya. Lita huɗu da rabi ba zuga tana ba da ƙarfin doki 110. Da aka zuga ta, ta titi ta kai 175, ta tsere 240. Speed Six da duk girmanta, 180 a titi, wajen 200 a tsere. A 1929 Blower ba ta shirya ba, Birkin da kansa ya ci Le Mans tare da Barnato a cikin Speed Six, Bentley ta kwashe na ɗaya zuwa na huɗu. Sai Yunin 1930 aka haɗu.

A wannan shekarar ɓangarori uku ne. Kamfani ya kawo Speed Six uku. Birkin ya kawo Blower uku, amma man da masu gasa suka bayar ya riƙa sa su zafi, aka shiga canje-canje a ƙurarren lokaci, biyu kaɗai suka tashi. Sai farar Mercedes guda ɗaya tilo mai lita 7.1, Rudolf Caracciola da Christian Werner a ciki. Ita sufacajarta ba kullum take aiki ba, sai direba ya take totur har ƙasa take kamawa da wani irin kuka, kuma an yi ta ne don ɗan lokaci, a wuce mota a saki. Caracciola ya fita gaba tun daga tashi. Birkin ya bi shi kamar mai bin bashi, ya cim masa a doguwar miƙaƙƙiyar hanyar Mulsanne, ya wuce shi da tayoyi biyu a kan ciyawa, bayan tayarsa ta baya ta riga ta fara saɓulewa. Bai tsaya ba sai da ta fashe. Shi ya yi zagaye mafi sauri a gasar. Daga baya Barnato ya karɓi farautar da Speed Six, ya manne wa Mercedes har dare, ya tilasta wa Caracciola ya yi ta kiran sufacaja zagaye bayan zagaye. Cikin dare farar motar ta tsaya. Dalilin da aka bayar shi ne batir ya mutu, mutanen Bentley kuwa sun tafi a kan cewa injin ne ya gaji da zuga. Har yau ana musu ko shiri aka yi Birkin ya zama karen farauta, ko halinsa ne kawai.

Gari ya waye, rana ta ɗaga, sai Blower ɗin Birkin ta karya kwanrod. Ba a jima ba ta biyun ta fasa fistin. Bayan sa'a ashirin suna ruri, ba wadda ta ga ƙarshe. Barnato da Glen Kidston suka ci da Speed Six, kilomita sama da 2,900, wata Speed Six ɗin ta zo ta biyu. Ita wadda ta ci, ita ce dai motar da ta ci bara.

Kada a ce an zalunci Birkin, a gajeren tsere motarsa dodo ce. A watan Satumba na shekarar, a gasar Faransa da aka yi a Pau, ya shiga da wannan ƙatuwar cikin ƙananan Bugatti ya zo na biyu. A 1932 ya zagaye Brooklands da gudun kilomita 222 a sa'a, ya kafa tarihi. Amma babbar gasa ko ɗaya Blower ba ta taɓa ci ba.

To mu nan wa za mu bi? In zancen ɗora wa motar da ke hannu ne, ni dai ina bayan W. O., kuma dalilina yanayinmu ne. A watan Afrilu zafin Dutse yakan haura digiri 40, iskar da injin zai shaƙa ta riga ta gasu kafin famfo ya matse ta. Hunturu ya zo da ƙura, famfon da ke jan iska ninki yana jan ƙura ninki, in matatar iska ta yi sakaci silinda ce za ta biya. Man da za ka sha a jarka a bakin hanya ba ka san abin da ke ciki ba, kuma mun ga abin da mai ya yi wa Blower a Faransa ma. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 kuwa, lita ba abin wasa ba ce. Mai Golf ko Corolla da ke son ta ƙara kuzari, ya fara da fulogi da matatar iska da bakin mai na kirki da lagireto mai tsabta, ya tabbatar ringi da bawul suna riƙe matsi. Sau da yawa dokin da yake nema yana nan cikin injin, rashin kulawa ce ta ɗaure shi. Fijo 504 da aka haɗa a Kaduna ba ta da zugazugi, amma a tambayi tsofaffin direbobin Kano zuwa Maiduguri shekara nawa ta yi tana cin wannan hanyar.

Sai dai a nan ne kuma nake ganin W. O. ya tsaya a rabin gaskiya. Laifin Blower ɗora mata aka yi daga baya, kuma shi da kansa ya hana a sake zubin injin. Injin da aka zana tun farko don zuga, aka rage masa matsi, aka ƙarfafa fistin, aka sa masa abin sanyaya iska, labarinsa daban ne. Marsandi mai tambarin Kompressor da ake kawowa ta hannu haka take. Tirelolin da ke ratsa Shuwarin dare da rana da tan talatin a baya kusan duk turbo ne, suna cin dubban ɗaruruwan kilomita. Injin Merlin na Rolls-Royce da ya ɗaga jirgin Spitfire a Yaƙin Duniya na Biyu, ba don sufacaja ba da bai yi numfashi a sama inda iska ta yi ƙaranci ba.

Nasarar 1930 ita ce ta ƙarshe a hannunsa. Kamfanin ya janye daga tsere, ya fito da babbar mota mai lita takwas, tsarin W. O. tsantsa, a daidai lokacin da karyewar kasuwar hannun jari ta Amurka ta 1929 ta tsiyata masu saye. Guda ɗari kacal aka ƙera. A Yulin 1931 Barnato ya rufe aljihu, kotu ta naɗa mai kula da dukiyar kamfani. W. O. ya sa rai kamfanin Napier zai saya su ci gaba tare, sai a watan Nuwamba wata ƙungiyar da ba wanda ya san ta ta taya sama da su da kuɗi kaɗan, wajen fam 125,000. Bayan kwanaki aka gane Rolls-Royce ce ta ɓoye fuska. Daga baya ya riƙa ɗora wa Blower wani kaso na laifin, cewa ta zubar wa kamfanin sunan da ya yi na rashin lalacewa. Wannan kam ina ganin ɓacin rai ne ya yi magana, kamfanin da ke rayuwa da aljihun mutum ɗaya ko ba Blower zai faɗi.

Birkin bai daɗe ba. A Mayun 1933, a gasar Tarabulus ta Libiya, garin da fataken Kano suka sani tun zamanin raƙuma, salansar Maserati ɗinsa ta ƙona masa hannu. Ya raina ciwon, ya ruɓe, ya rasu a Landan ranar 22 ga Yuni yana da shekara 36.

W. O. ya zauna ƙarƙashin Rolls-Royce ba a barinsa ya zana injin, sai gwajin motoci, har 1935 da ya koma Lagonda. A can ya yi injin mai silinda 12, shi ma mai shaƙa da kansa, motocin suka zo na uku da na huɗu a Le Mans ta 1939. Bayan yaƙi Lagonda ta sa sunansa a tallar sabuwar mota, Rolls-Royce ta kai ƙara ta ci: sunan Bentley a jikin mota ba nasa ba ne kuma. Injinsa na ƙarshe da ya shiga kasuwa, mai lita 2.6, shi ya ja David Brown ya sayi Lagonda a 1947, ya sa shi a Aston Martin DB2. Ya ƙare rayuwarsa a ƙauyen Shamley Green, ba dukiya, ba ɗa, yana tuƙa 'yar Morris Minor. Ya rasu ranar 13 ga Agusta, 1971, saura wata ɗaya ya cika 83.

Shekara goma sha ɗaya bayan rasuwarsa, sunan Bentley na gab da shuɗewa a kasuwa, motar da ta farfaɗo da shi a 1982 ita ce Mulsanne Turbo. Wadda ta sake ci musu Le Mans a 2003, turbo biyu gare ta. A 2012 aka yi gwanjon jar Blower ɗin Birkin mai kujera ɗaya a kan fam miliyan biyar da ɗoriya, kuma a 2019 kamfanin ya sanar zai sake ƙera guda goma sha biyu irin ta Birkin, da famfon a gaban lagireto, a daidai inda W. O. ya kore shi.